Tsakanin Kwali da Ƙofar Ofis: Marar Aikin Yi a Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

A watan Maris na 2021, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watanni ukun ƙarshe na 2020, kashi 33.3 cikin 100 na 'yan Nijeriya da ke fagen neman aiki ba su da aikin yi. A watan Agusta na 2023 kuma, hukumar ta fitar da wani rahoton da ya nuna adadin ya koma kashi 4.1 cikin 100 a farkon wannan shekarar. Tsakanin rahotannin biyu ba a sake buɗe masaƙun Kakuri ba, injinan Sharaɗa da Bompai da suka yi shiru ba su farka ba. Ma'auni ne aka sauya. A da, wanda bai samu aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon ma'auni, wanda ya dace da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako domin samun kuɗi ya shiga sahun masu aiki.

Masana ƙididdiga suna da hujjojinsu, kuma wannan maƙala ba ta zo yin jayayya da su ba. Abin da ya ja hankalina a matsayina na mai nazarin adabi shi ne yadda miliyoyin mutane suka fice daga wani rukuni suka shiga wani, alhali tukunyar gidansu tana nan yadda take. Alƙaluma ba za su iya gaya mana yadda rana take wuce wa saurayin da ya gama bautar ƙasa shekara huɗu da suka shige ba, ko abin da magidancin da aka sallama daga masaƙa yake ce wa matarsa idan gari ya waye. Wannan aikin adabi ne. Tambayar da zan bi ita ce: me ƙagaggun labaranmu suka yi da wannan mutumin? Amsar da na samu ita ce, sun san shi sarai, suna yawan shigo da shi, amma da wuya su zauna da shi. Sukan tsayar da shi a ƙofar gidan budurwa, su nuna mana talaucinsa, sannan su yi sauri su azurta shi ta wata hanya da ba ta da alaƙa da nemansa.

Harshe ya riga alƙalami

Kafin a taɓa littafi, yana da kyau a saurari bakin mutane, domin Hausar yau da kullum ta rarrabe abin da ma'aunin awa ɗaya ya cakuɗa. Bahaushe yana da aiki, wanda a birni yakan nufi na albashi. Yana da sana'a, wadda ake gada ko a koya a hannun maigida, kamar ƙira da jima da ɗinki da fawa. Yana da nema, wanda ya fi su faɗi, domin duk wanda ya fita da safe da niyyar dawowa da cefane ya fita nema. Yana da buga-buga, wato yau dillancin waya, gobe leburanci, jibi rakiyar mai kaya zuwa tasha. Yana da ci-rani ga manomin da ya bar ƙauye bayan kaka. Can ƙasa kuma akwai zaman kashe wando, kalmar da take ɗauke da hukunci a cikinta, domin tana ɗora laifin a kan mai zaman.

Idan aka tambayi matashi abin da yake yi, ya ce “ana dai buga-buga”, ya faɗi abubuwa uku a numfashi guda: ba ya zaune, abin da yake samu ba ya isa, kuma ba ya son a ƙara tambayarsa. Hukumar Ƙididdiga da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin tsararren aiki mai rajista da ƙa'ida. Ke nan mafi yawan jama'a suna rayuwa ne a tsakanin nema da buga-buga. Wannan fili mai faɗi, wanda harshe ya riga ya shata iyakokinsa, shi ne marubutanmu suka fi ƙetarewa. A shafukansu mutum ko dai Alhaji ne mai kamfani, ko talaka fitik, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ana cinye ta a babi ɗaya.

Zamanin da aiki ke jiran mai ilimi

Ba za a zargi marubutan farko da wannan giɓi ba. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma taurarinsu ba masu neman albashi ba ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja matafiyi ne da ke ci da wayonsa, yana ta gwabzawa da Malam Zurƙe daga gari zuwa gari. Ganɗoki mayaƙi ne. A Magana Jari Ce ma, aku ya kai matsayin waziri ne saboda iya bakinsa. Duniyar waɗannan labarai ta sarauta ce da fatauci da malanta, inda ɗa yake tasowa ya tarar da sana'ar gidansu tana jiran sa.

Su kansu marubutan suna cikin 'yan tsirarun da suka yi karatun boko a lokacin da En'e da gwamnatin mulkin mallaka suke neman malaman makaranta da akawu ido rufe. Imam ya koyar a Katsina, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a 1939. Ga mutanen wannan zamani, mai takardar shaida da ya rasa aiki abu ne da hankali bai kawo ba. Shi ya sa adabin da ya biyo baya, musamman rubutattun waƙoƙin faɗakarwa, ya duƙufa wajen kiran iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, da alkawarin cewa ilimi inuwa ce da ba ta ƙarewa. Alkawarin gaskiya ne a lokacinsa.

Sai dai tun a shekarun 1930 aka dasa wani iri da zai yi yaɗo daga baya. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Abubakar ya rasa Zainab saboda attajiri Malam Shehu ya fi shi abin hannu. Labarin bai damu da yadda Abubakar yake samun na abinci ba, abin da ya dame shi shi ne fansar da ya tafi nema. Talaucin saurayi ya shigo adabinmu na zube ne a matsayin sanadin rasa mace, kuma a wannan gurbin ya fi daɗewa.

Daga garaɓasar mai zuwa tsuke bakin aljihu

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji, da kwararar matasa daga ƙauyuka zuwa birane. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978, yana cikin littattafan farko da suka dubi wannan kwarara da idon basira. Saurayi ya bar ƙauye yana hangen daɗin birni, ya faɗa hannun miyagun abokai, ya gane abin da ya hango ba kitse ba ne. Littafin ya yi daidai da kiran da gwamnati take yi a lokacin na a koma gona, tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976. Ƙarfinsa yana wajen nuna yadda birni yake haɗiye baƙo. Rauninsa, a nawa ganin, shi ne ya mayar da matsalar ta zama ta zaɓin mutum ɗaya: da ya zauna a gida da bai shiga uku ba. Tambayar me ya sa gonar ta kasa riƙe shi, ba a ba ta fili sosai ba.

Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, wadda littattafanta suka fito a 1982, ta kawo murya mai kaifi. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci a tsakanin masu kuɗi da ma'aikata. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya kutsa duniyar 'yan ta'adda da miyagun ƙwayoyi a Nijeriyar bayan yaƙin basasa. Waɗannan marubuta sun fahimci cewa dukiya da rashinta suna da tushe a tsarin ƙasa. Da wannan tafarki ya ɗore, da wataƙila a nan za a samu labarin marar aiki da ya amsa sunansa.

Amma a shekarar da littattafan suka fito, farashin mai ya riga ya karye, gwamnatin Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu. A 1984 gwamnatin soja ta rage ma'aikata da yawa. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati, a 1987 kuwa sai an ba da kimanin naira huɗu kafin a karɓi dala ɗaya. Kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a daidai wannan lokaci shaida ce cewa gwamnati da kanta ta ga girman abin. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labaran Hausa, sai dai littattafan makaranta.

Adabin da rashin aiki ya haifa

A wannan gurbi ne matasan Kano da kewaye suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa su sayar. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya riga ya samar da dubban masu iya karatun Hausar boko, musamman mata. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, sannan ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka biyo baya. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan yunƙuri sunan Adabin Kasuwar Kano, aka kuma yi doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan darajarsa.

Muhawarar ta fi karkata ga tarbiyya da ingancin rubutu. Abin da nake ganin ya cancanci ƙarin nazari shi ne, wannan adabi shi kansa kasuwar aiki ce. Ya ciyar da marubuci, da mai buga keken rubutu, da mai zanen bango, da mai injin ɗab'i, da mai shago, da mai ba da hayar littafi. Matasan da ofis ya rufe wa ƙofa su ne suka ƙirƙiro wa kansu sana'a da alƙalami. Babu wanda ya fi su sanin ɗacin yawo da takardu a ambulan. Duk da haka, da suka zauna rubutu, sai suka fi ba da labarin falo mai sanyi da mota mai baƙin gilashi.

A karatuna na littattafan wannan zango, marar aiki yakan fito a ɗaya daga cikin siffofi uku. Ta farko, saurayi nagari mai ilimi da ladabi, wanda iyayen yarinya suka ƙi saboda ba shi da ko sisi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya kuma yi farin jinin da ba a saba gani ba, shi ne fitaccen misali: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ga kuma attajiri Abdulƙadir a gefe. Littafin ya yi nasara wajen sa mai karatu ya ƙi auren kuɗi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai talaucin tauraro a irin wannan zubi ma'auni ne na gwada gaskiyar soyayya, ba a buɗe cikinsa a ga abin da ya ƙunsa. Siffa ta biyu ita ce ɗan iskan gari, mai shaye-shaye ko ɗan daba, wanda zamansa ya samo asali daga lalacewar halinsa, ƙarshensa kuma gidan yari ne ko nadama. Ta uku ita ce abokin tauraro, ɗan zaman majalisa mai ban dariya, wanda ake shigo da shi domin a sha iska.

Warwarar ƙullin kuwa kusan hanya ɗaya take bi. Saurayi ya tsinci jakar kuɗi ya mayar wa mai ita, sai Alhaji ya ɗora shi a kan dukiyarsa. Ko ya ceci wani a hatsarin mota, ashe babban mutum ne. Ko a gano cewa ɗan sarki ne da ya ɓata tun yana jariri. A jimla biyu an ce “bayan shekara uku”, sai ga shi da gida a Nasarawa. Wannan tsallake shi ne babban abin da nake tuhuma. Shekaru ukun da aka haɗiye su ne labarin, domin a cikinsu ne miliyoyin masu karatu suke zaune.

Inda aka kusa isa

Balaraba Ramat Yakubu ta fi yawancin tsararrakinta kusantar abin da nake nufi. A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya auro Delu. Marubuciyar ba ta yi gaggawar share wa Rabi hawaye ba. Ta bar mu muka ga mace tana lissafin abin da zai ciyar da yara ya kuma biya kuɗin makaranta, ta kama sayar da abinci, tana tashi da aiki tana kwana da shi. A nan kuɗi yana da nauyi, domin an nuna mana inda ya fito. Da gobarar kasuwa ta cinye shagon Alhaji Abdu, sai muka ga ɗaya fuskar: namijin da darajarsa duka take rataye a shago, ya wayi gari ba shi da abin yi, ya koma ci daga hannun matar da ya wulaƙanta. Wannan hoto ya fi kowane jadawali bayyana abin da karayar arziki take yi wa gida. Ko da yake a nan ma, auren Saudatu da attajiri ya ɗauke wani kaso na nauyin da ke kan Rabi, wato hannun ceto bai ɓace gaba ɗaya ba.

A Wa Zai Auri Jahila? kuma, Abu da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Saƙon yana da ƙarfi, kuma ya dace da yaƙin da marubuciyar take yi domin ilimin mata. Amma a lura, littafin yana tsaye ne a kan tsohon alkawarin nan, cewa ƙarshen karatu aiki ne. A shekarar da ya fito, alkawarin ya riga ya fara tsagewa a hannun dubban masu digiri.

Abin lura ne cewa makaɗan baka sun riga marubuta a wannan fage. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, ya dubi ƙaramin ma'aikaci da wahalarsa ba tare da ya mayar da shi mai mota a ƙarshe ba. Makaɗan noma da na maƙera da na mahauta sun daɗe suna ɗaukar aikin hannu a matsayin abin da ya isa a yi wa fasaha. Marubucin zube yana da gadon da zai ɗora a kai, idan ya waiwaya.

Fim da labaran intanet

Masana'antar fim ta Kano, wadda ake danganta farkonta da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta gaji wannan zubi ta ƙara masa kala. Ofis a yawancin finafinanmu teburi ne da kujera mai juyawa da fayil guda, ba a san abin da kamfanin yake sayarwa ba. Ana ba da aiki da jimla ɗaya, “gobe ka zo ka fara”, ana kuma korar mutum da jimla ɗaya. Shirye-shirye masu dogon zango, irin Daɗin Kowa da tashar Arewa24 take nunawa, sun fi sauka ƙasa, domin tsawonsu yana ba su damar zama da masu ƙananan sana'o'i a unguwa mako bayan mako. Wannan ya nuna cewa masu kallo ba su gudun ganin irin rayuwarsu, idan an iya nuna ta.

Labaran da ake rubutawa a Wattpad da rukunonin WhatsApp kuwa sun maimaita tarihin shekarun 1980. Ƙasa ta shiga karayar tattalin arziki a 2016, ta sake shiga a 2020, aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma a daidai wannan tsakani matasa, galibi mata, suka mayar da rubutu a waya hanyar samun kuɗi, mai karatu ya biya a sa shi a rukuni. Sai dai gwargwadon yadda aljihu yake ƙara bushewa, gwargwadon yadda dukiyar taurarin take ƙara kumbura. Attajirin littafin 1990 yana da shago a Kantin Kwari, na yau yana da jirgin sama da asibiti a Dubai tun bai kai shekara talatin ba.

Hanzarin masu kare wannan salo

Akwai hanzari biyu da ya kamata a saurara da adalci. Na farko, mai karatun da ya wuni cikin ƙunci ba ya son ya sayi ƙunci da kuɗinsa, hutu yake nema. Wannan gaskiya ne, kuma nishaɗantarwa tana cikin manufofin adabi tun daga tatsuniya. Amma tatsuniyar Gizo ma cike take da yunwa da fari da dabarar samun abinci, kuma ba ta gundiri kowa ba. Rayuwar mai buga-buga tana da abin dariya, da wayo, da abota, da cin amana, da soyayya. Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ji hirar matasa ya san ba a rasa daɗin labari a wurin.

Na biyu, ana cewa arzikin da yake faɗo wa tauraro daga sama ya dace da imanin Bahaushe cewa rabo na Allah ne. Babu mai musun haka. Sai dai Bahaushen da ya yarda da rabo shi ne kuma ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya ce mai nema yana tare da samu. Labarin da ya nuna samu ya ɓoye nema ya ɗauki rabin hikimar ya bar rabi. Illarsa kuma ba ƙarama ba ce. Idan kullum nagari yana samun mai ceto, to wanda ya shekara goma bai samu ba zai fara zargin kansa, maƙwabta ma su fara zargin sa. Ta haka adabi yake taya al'umma ɗora wa mutum ɗaya laifin da na masaƙar da aka rufe ne, da wutar lantarkin da babu, da gurbin aikin da aka sayar.

Labaran da ke jiran marubuci

Kayan aikin suna nan zube. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, tsofaffin ma'aikata suka kwashe shekaru suna bin haƙƙinsu. Unguwa guda ta tashi daga jin ƙarar jiniyar canjin aiki zuwa shiru. A watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa a Kano, dubban matasa suka kwana da sana'a suka tashi babu, wasu suka koma tuƙa adaidaita sahu suna kai wa mai keke kuɗinsa kullum kafin su cire nasu. A ranar 15 ga Maris na 2014, dubban ɗaruruwan masu neman aiki, kowannensu ya biya naira 1,000, suka cika filayen wasa a faɗin ƙasa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi, mutane fiye da goma suka rasu. A 2016 shirin N-Power ya ɗauki masu digiri a kan naira 30,000 a wata na ɗan wa'adi, suka shiga aji suna koyarwa suna ƙirga ranar da za a sallame su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi. Ina son in karanta labarin yaron shago da ya yi wa maigida hidimar shekara goma yana jiran sallama, sai kasuwa ta karye a shekarar da aka yi masa alkawari. Ina son in karanta na matar aure mai digiri da take sayar da turaren wuta ta waya, wadda ƙididdiga ta ce tana da aiki, dangin miji kuma suna cewa zaman banza take yi. Ina son in ga uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin jami'a, da irin kallon da yake yi wa ɗansa idan sun haɗu a zaure da hantsi. Irin wannan rubutu yana buƙatar marubuci ya san farashin abubuwa, ya san nawa mai POS yake samu a cire dubu goma, ya san yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa ta da “za mu neme ka”.

Kammalawa

Na bi sawun marar aikin yi daga littattafan gasar 1933 zuwa labaran waya, na nuna cewa ya fi fitowa a matsayin cikas ga aure, ko abin wa'azi, ko abin dariya, kuma akan fitar da shi daga halinsa ta hanyar sa'ar da ba ta da alaƙa da guminsa. Na nuna kuma cewa inda marubuci ya daure ya zauna da nema, kamar yadda Balaraba ta yi da Rabi, labarin yakan fi daɗewa a zuciya. Nauyin gyara bai tsaya a kan marubuta kaɗai ba. Tarihin adabinmu na zube ya nuna gasa tana juya akalarsa, daga ta 1933 zuwa ta 1982 har zuwa Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Idan alƙalan gasa da malaman jami'a suka riƙa tambayar kowane labari inda tauraronsa yake samun abin da yake ci, suka kuma daina yafe wa “bayan shekara uku”, marubuta za su fara cike waɗannan shekaru. Matashin da ke zaune a majalisa da kwalinsa a ƙarƙashin katifa ya cancanci ya buɗe littafin Hausa ya ga an san yadda ranarsa take wucewa, an kuma ɗauke shi mutum tun kafin ya yi kuɗi.